Ƙahon Fim Ɗin Rijiya

Kuwabara Tokuji bai taɓa ganin hamada ba, bai taɓa hawa doki ba, bindiga kuwa ko ta roba yaro ya nuna masa sai ya kauce. Amma ka shiga unguwarsu ta hayin kogin Sumida ka ce gidan Kaboyi kake nema, mai kifi ma zai ɗaga wuƙa ya nuna maka lungun. Sana'arsa ce ta ja masa sunan, sana'ar da 'yarsa Yukari ta gama makaranta kaf ba ta iya yi wa ƙawayenta bayaninta ba. In an tambaye ta aikin babanta sai ta ce, "Silima yake zuwa." A ce, "Eh, mun ji, aikinsa fa?" Sai ta canza zance.

Ubansa masassaƙin takalman katako ne. Tun Tokuji yana ɗan mitsitsi yake zama a ƙarƙashin teburin aiki yana faɗin wanda ke tahowa daga ƙarar takalminsa, tun mutum bai shawo kwana ba. Bayan yaƙin duniya na biyu ya shiga wata ƙungiyar makaɗa da ke yi wa sojojin Amurka wasa, aka ba shi begila. A faɗi gaskiya, busarsa ba ta da daɗi ko kaɗan. Sai dai in aka sa masa faifai sau biyu, zai ɗauki fensir ya rubuta wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa, har inda mai busa ya ja numfashi ba ya wuce shi. Wata rana shugaban ƙungiyar ya karɓe begilar, ya miƙa masa fensir sabo fil, ya ce, "Riƙe wannan, Toku. Ka ji tausayin kunnuwan jama'a." Tun daga ranar fensir ne abincinsa.

Sai ga zamanin finafinan kaboyi na Italiya. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane haukan da aka yi ba. Mutum ya fito daga silima yana fito da baki, ya zarce kantin faifai ya ce a ba shi kiɗan, mai kanti ya buɗe masa hannu alamar babu. Kafin a gama rubuce-rubuce da Turawa, tef ya hau jirgin ruwa ya iso, an sauke fim ɗin an ɗora wani, jama'a sun koma kan sabon kiɗa. To, kamfanonin faifai ba sa wasa da ciniki. Sai suka samo dabara: a tura mai kunne silima ya kwafo kiɗan, a tara makaɗan gida su kaɗa, a manna hoton jarumin a bango, faifai ya shiga kasuwa tun fim yana kan allo. Sunan makaɗan akan rubuta shi can ƙasa, da haruffan da sai ka sa tabarau. Sunan mai kwafowa kuwa ba a ma rubutawa.

Tokuji shi ne mai kunnen. Da safe yana ofis yana rarraba wa makaɗa takardunsu, da la'asar ya nufi wata ƙaramar silima mai suna Kogiku, don a nan ba a cika ba, kuma ba a hana shi zama da allon rubutu a cinya. Layin ƙarshe yake zama, jingine da bango, ya naɗe tocila da hankici don kada haske ya dami kowa. Ranar farko ba ya rubuta komai, ji kawai yake yi. Washegari ya kamo uwar kiɗan, jibi ganga, gata jita da fito da sauran tarkace. Jarumi na harbin mutane a allo, mata na ihu, Tokuji ko ɗaga kai ba ya yi. Akwai finafinan da ya zauna musu mako guda cur bai san wa ya mutu a ƙarshe ba.

Doka ɗaya gare shi, kuma ya dami kowa da ita, har matarsa Kinuko ta haddace: ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. "Ni ba mawaƙi ba ne," in ji shi. "Abin da Bature ya sa shi nake kawowa. Ko kuskure ya yi, da kuskurensa zan kawo." Ba shi da mota, ba shi da suna a bangon faifai, amma wannan kam yana tinƙaho da shi.

Fim ɗin da ya fi ba shi wahala shi ne wanda mutane suke kira fim ɗin rijiya. Akwai wurin da jarumin ya tsaya a bakin rijiyar da aka jefa ƙanensa, yana zura guga a hankali, gogen Turawa na kuka ƙasa-ƙasa. Sai daga can nesa, kamar daga bayan dutse, aka busa ƙaho. Busa biyu ce kawai, ɗaya a ƙasa, ɗaya ta hau sama a ɗan karkace, ta tsaya ba ta ƙarasa ba. Ranar ce kaɗai Tokuji ya ɗaga kai ya kalli allo, ya ce a ransa, kai, wannan Baturen ya san zuciyar ɗan Adam. Abin da ya wahalar da shi, yau ƙahon ya faɗo a nan, gobe ya ɗan matsa gaba. Ya ɗora laifin a kan tsohon majigin Kogiku, ya yi ta komawa har ya zaɓi wurin da ya fi zama daidai.

A ɗakin ɗaukar sauti ma sai da aka sha daru. Mai begila ya busa, Tokuji ya ce ya yi kusa. Aka fitar da shi baranda, ya ce ya yi tsabta da yawa. Daga ƙarshe sai a bayan gida aka rufe bawan Allah, aka ce ya karkata busa ta biyun da gangan. Ya fito yana zage-zage, yana cewa shekara ashirin yana koyon busa daidai, yau an biya shi ya ɓata.

Faifan ya fita, ya kuwa ci kasuwa fiye da fim ɗin kansa. Fim ɗin bai daɗe ba aka sauke shi, da ya zo talabijin kuma aka yanke wurin rijiyar aka cusa tallan sabulu. Amma faifan ya shiga gidaje. Ana sa shi a shagunan shayi, ana sa shi ranar wasannin makaranta, har wani direban jirgin ƙasa ya bar wasiyya a sa masa shi ranar jana'izarsa. Kuma duk wanda ka ce ya tuna maka kiɗan, ba gogen zai yi maka ba, ƙahon zai yi.

Shekaru suka ja. Aka daina kwafo kiɗa a silima, Tokuji ya koma rubuta wa makaɗan makarantu takardu har idonsa ya gaji. Yukari ta yi aure ta tafi Sendai. Kinuko ta rasu a wata bazara, ta bar shi da gida mai ɗaki biyu da faifai jibge har rufi. Ya iya dafa shinkafarsa, ya iya wanke rigarsa, kuma ya rantse daga gidan nan sai maƙabarta.

Sai dai 'yan abubuwa sun fara faruwa. Ya fitar da kwalabe ranar da sharar ƙonawa kaɗai ake kwashewa, matan layin suka dawo masa da su cikin ladabi, mako na zagayowa ya sake. Ya je gidan wanka ya dawo da takalmin wani. Ya ɗora tukunya ya tafi sayen jarida, sai maƙwabciya ce ta ga hayaƙi. Ita ce ta buga wa Yukari waya, Yukari kuwa ta share ɗaki a gidanta ta ce ya taho. Ya ce ba inda za shi, ƙwaƙwalwarsa garau take.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga baƙo. Wani mutum ne mai ƙaramin kamfani da ke sake fitar da tsoffin kiɗan finafinai a faifan sidi, sunansa Morishita, kansa ya fara furfura. Ya tsaya a ƙofa yana rusunawa, da kwalin alewa a hannu biyu.

"Malam, ku gafarce ni, na zo ba sanarwa. Na sha yawo kafin a ce mini ku ne kuka kwafo kiɗan fim ɗin rijiya."

Rabon da a kira Tokuji Malam har ya manta. Ya gyara zama, ya ce a shigo.

"Da faifanku na girma," in ji Morishita. "Yanzu mun samo tef ɗin asali daga Roma, wanda aka ɗauka don fim ɗin. Mun gama komai, saura a buga. Amma na dakatar, don ina jin sun turo mana wanda bai cika ba."

"Me ya ɓace?"

"Ƙahon, Malam. Babu ƙahon."

Tokuji ya yi dariya har da buga cinya. "Turawa ke nan! Sun ajiye shi a wani tef ɗin daban. Ka ce su duba da kyau."

"Na ce musu. Sun ce ba su san da wani ƙaho ba."

Washegari Tokuji ya sa kwat ɗinsa ta jana'iza, don ita kaɗai ce mai kyau, ya bi Morishita ofis. Aka ɗora masa abin ji a kunne, aka kunna. Kai, kiɗan ya fito tas, kamar an wanke shi. Ga gogen nan, ga ganga, komai yana inda ya rubuta shi shekara talatin da suka wuce, har ya fara gyaɗa kai yana jin daɗin kansa. Aka iso bakin rijiya. Ya ɗaga yatsa yana jira. Gogen ya yi kukansa ya wuce, yatsan yana sama.

"Mayar baya."

Aka mayar. Babu.

"Kawo fim ɗin kansa."

Morishita ya sa kaset ɗin bidiyo da ya yi odarsa daga waje, wanda ba a yanke ba. Ga jarumi, ga guga, ga rijiya. Tokuji ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Guga ya sauka, guga ya hau, ba wanda ya busa komai.

Morishita ya yi gyaran murya, yana kallon tabarmar ƙasa. "Malam, ko dai... ba laifi ba ne fa, ni a wurina ya ma fi na asalin kyau. Ko ku ne kuka ɗan ƙawata shi?"

Da ya mare shi da ya fi sauƙi. Tokuji ya miƙe. "Ni? Ni zan ƙara? Yaro, kana cikin zanin goyo nake wannan aiki. A fim ɗin na ji shi, da kunnen nan!" Ya fita ko sallama babu, ya bar hularsa a kan kujera.

Fushi ya raka shi har gida, amma da ya zauna sai fushin ya tafi ya bar shi da abin da ya fi fushi muni. Ya sa tsohon faifansa, ga ƙahon nan daram. To amma wannan ai shi ya rubuta, shi ya rufe mai begila a bayan gida. Ina ya samo shi? Ya rufe ido, ya ga layin ƙarshe na Kogiku, ya ji warin taba da jiƙaƙƙun laimomi, ya ji ƙahon ya taso daga nesa. Ya ji shi, ya tabbata ya ji shi. To ai takalmin gidan wankan ma ya tabbata nasa ne. In abin da ya fi tabbata da shi a duniya bai faru ba, me kuma ya rage da zai dogara da shi? Ya yi kwanaki yana mayar da allura wuri ɗaya, shinkafa ta bushe a tukunya bai ci ba. Daga ƙarshe ya buga wa Yukari waya yana tambayarta ko ta tuna ƙahon, ita da ko tafiya ba ta fara ba a lokacin.

Ranar Asabar sai ga ta da jaka. Ta dubi kicin, ta dube shi, ta zauna a gabansa.

"Baba, ni ba ƙaho ne ya dame ni ba. Tukunyar nan ce."

"Kowa yana ƙona tukunya. Uwarki ma ta ƙona."

"Takalmin mutane fa?"

"Kama suka yi!"

"Naka baƙi ne, Baba. Wanda ka kawo ja ne, kuma na mata."

Ya kawar da kai. Can ya ce, "Kin ɗauka na haukace."

"Ban ce ba. Na ce ka gaji, kuma tsoro nake ji. Kullum waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi." Idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannu cikin haushi.

Tokuji ya daɗe yana kallon faifan da ke juyawa. Sannan ya ce, "To mu yi haka. In aka sami mutum ɗaya, ɗaya tak, da ya ji ƙahon nan a silima, za ki ƙyale ni a gidana?"

Yukari ta san an rushe Kogiku tun tana 'yar makaranta. Ta ce, "Na yarda. In ba a samu ba kuma, za ka bi ni Sendai kafin sanyi ya shigo."

"Na ji."

Suka hau jirgin ƙasa suka tafi. Inda silimar take an yi wani dogon gini na ajiye motoci, mai gadin wurin ma bai taɓa jin sunan Kogiku ba. Suka tambayi mai wanki, ya tura su wurin mai gyaran keke, mai gyaran keke ya ce su gwada tsohuwar da ke sayar da taba da alewa a lungun baya, ita ce ta fi kowa daɗewa a nan. Tokuji yana tafe yana waige-waige, ko gini ɗaya bai gane ba. Yukari ta fara tunanin kwalayen da za ta nema na kwashe kaya.

Tsohuwar tana zaune a bayan wata 'yar taga, ta rufe ƙafafu da bargo. Ta ɗaga tabarau ta ƙare wa Tokuji kallo, sai ta tafa hannu.

"Kai! Mai Tocila! Ashe ba ka mutu ba?"

"Matsue?" Ita ce mai yaga tikiti a ƙofar Kogiku a da, ba ta taɓa barinsa ya wuce ba ta tsokane shi ba. "Ke ma ai ga ki nan."

"Ni ai mutuwa ta manta da lungun nan. Wannan 'yarka ce? Ta yi sa'a, ba ta ɗauko kunnuwanka ba. Ku shigo, ku shigo, ku yi hankali da kyanwa."

Ta zuba musu shayi. Tokuji bai ko taɓa kofin ba, ya karkato gaba.

"Matsue, kin tuna fim ɗin rijiya?"

"Wanda ka kusa tarewa a silimarmu saboda shi? Har mai majigi ya ce a fara karɓar kuɗin haya a wurinka."

"Wurin da yake zura guga. Kin taɓa jin an busa ƙaho? Daga nesa, busa biyu."

Matsue ta tsaya da buta a hannu. "A wasan la'asar?"

"Shi nake zuwa."

"Kana jingine da bangon baya?"

"Kullum."

Ta ajiye butar a hankali. Ta tsuke baki, ta busa da leɓɓanta: ɗaya a ƙasa, ɗaya ta hau sama a karkace, ta tsaya ba ta ƙarasa ba. Tokuji ya zabura har shayi ya zube a tabarma.

"Shi ne! Yukari, kin ji? Shi ne! Har karkacewar!"

Matsue kuwa ta kama ciki, dariya ta sarƙe ta har da tari, sai da Yukari ta bubbuga mata baya. Da ta samu numfashi ta ce, "Genzo ne."

"Wane Genzo? A cikin makaɗan Italiya?"

"Genzo mai awara, kai! Italiya a ina? Bangon bayan nan ai katako ne da kwano, tun bayan yaƙi ba a gyara ba. Kullum la'asar sakaliya sai ya jingine kekensa a lungun nan, daidai inda kuke zaune yanzu, ya busa wa matan layi su fito da kwanoni. Mutum ne da ko jirgin ƙasa bai fi shi kiyaye lokaci ba. Sau nawa mai majigi ya fita suka yi cacar baki! Karkacewar kuma, wata motar gawayi ce ta taka masa ƙahon, ya ƙi sayen sabo don rowa."

Tokuji ya girgiza kai. "Haba. Ni ban san ƙahon mai awara ba ne? A unguwarmu ma ana busawa."

"Ka sani mana. Amma wa yake tsammanin awara a hamada? Ka sa kai cikin allo, Bature na kuka da goge, sai ka ba Bature kayan Genzo." Ta sake fashewa. "Ashe shi ka sa a faifai? Wayyo, Genzo ya mutu bai san ya yi suna ba! Shi ya sa mijina in ya sa faifan nan sai ya ce yana tuna masa da uwarsa. Yo ba dole ba, lokacin da take aikensa da kwano ke nan."

Tokuji ya juya ga 'yarsa, fuskarsa kamar ta yaron da aka tasa daga barci.

"To yanzu na ji ko ban ji ba?"

"Ka ji, Baba."

"To na ƙara ke nan?"

Matsue ce ta ce, "Ba ka ƙara ba, ba ka rage ba, har da na maƙwabta ka kwaso. Sha shayinka."

Daga wayar kantin Yukari ta kira Morishita ta ba shi labari. Ta ji yana jan hanci yana dariya. Ya ce zai fitar da duka biyun a faifai ɗaya, na Roma da na Malam, kuma wannan karon da sunan Malam a bango, da manyan haruffa.

A jirgin komawa Tokuji bai iya zama shiru ba. Ya yi dariya shi kaɗai, ya ɓata rai, ya sake dariya. Rabinsa kunya, shekara talatin yana yabon Bature a kan ƙahon mai awara. Rabinsa kuwa daɗi ne zalla, don kunnen bai yi masa ƙarya ba. Ya zunguri Yukari da gwiwar hannu.

"Mutum ɗaya muka ce, ko?"

"Mutum ɗaya muka ce. Ka ci, Baba."

"Ki mayar da ɗakin naki wurin shanya."

Ta yi murmushi. Ba ta saba karya alkawari ba, shi ya koya mata. Da suka sauka a tasharsu ta gyara masa wuyan kwat, ta ce ita za ta tsallaka ɗaya gefen ta kama jirgin da zai kai ta babbar tasha. Ta ce ya ci abinci, ya kula da wuta. Ya ɗaga mata hannu irin na wanda ya ci shari'a, ya miƙa tikitinsa ya wuce.

Tashar tana da ƙofa biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Shekara arba'in yana fita ta ɗaya daga cikinsu ba tare da ya ko duba ba. Ya zo tsakiya ya tsaya. Ya dubi hagu, ga kantin magani da mai furanni, ya san su sarai. Ya dubi dama, ga mai burodi da wurin ajiye kekuna, su ma ya san su. Amma wace ce take kai mutum gida? Ya yi dariya, ya ce wannan ai shirme ne, ya fita ta hagu. Ya yi 'yar tafiya, titin ya ƙi zama nasa. Ya dawo. Mutane na wuce shi ta ko'ina, kowa ya san inda za shi. Ya nemi sunan layinsu a kansa, ya ji shi a bakin harshe, ya ƙi fitowa. Kiɗan rijiya kuwa yana nan cikin kansa tsaf, zai iya rubuta wa kowane makaɗi nasa a tsaye a wurin, ba kuskure ko ɗaya.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ofishin Morishita. Ya lallaba ya zauna a benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya ƙura wa ƙasa ido don kada wani ya gane.

Bai san tsawon zaman da ya yi ba. Sai ya ga takalma sun tsaya a gabansa, wata ta zauna kusa da shi ta ajiye jaka.

"Jirgin ya cika," in ji Yukari. "Na ce bari in kwana, in tafi gobe."

Ya san ba ta ko tsallaka ba. Ya san tana tsaye a wani wuri tana kallonsa tun fitarsa ta hagu, kuma ya san ba za ta taɓa faɗa ba. Jirgi ya zo ya tafi. Ya goge fuska da hankici, ya ninke shi, ya mayar aljihu.

"Yukari."

"Na'am, Baba."

"Ɗakin nan naki. Kada ki yi shanyar tukuna."

Ta gyaɗa kai tana kallon gabanta, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Sannan ta miƙe ta ɗauki jakarta, ta kama hannun kwat ɗinsa, suka fita ta ƙofar dama.